Yadda Na Sayar Wa Kaina Mota

Ni mai sayar da kayan doki ne a Kasuwar Kurmi. Sirdi, linzami, likkafa, jalala, duk abin da za a ɗora wa ingarma ya fito Hawan Daushe ya kece raini, a rumfarmu ake samunsa tun zamanin kakana. Shi ya sa ranar da labari ya zaga layinmu cewa na ɗauko mota, maƙwabcina mai turare ya leƙo ya ce, "To fa! Jikan masu sirdi ya yi ridda."

Golf ce 'yar Kwatano, baƙa, ta ɗan sha jiki amma injinta lafiya lau. Ba kuɗi hannu na biya ba. Wani Alhaji dillalin motoci ne ya ba ni ita a kan biyan kaɗan-kaɗan, irin yadda ake ba samari A Daidaita Sahu suna kawo balas har su mallake shi. Su kullum ko duk sati suke kaiwa, ni kuwa duk wata: naira 40,000 har wata 40. Takardun asali da mukulli na biyu suna kulle a teburin Alhaji, ni fotokwafi aka miƙo mini. Kafin a biya kwabon ƙarshe mota tasa ce, ni ɗan riƙo ne kamar wanda aka ba kiwon akuya. Mai turare ya ce wannan riba ce tsagwaronta. Malam mai littattafai na bakin layi ya ce in dai an yanke farashi ɗaya tun farko, kuma ba a ƙara komai don an yi jinkiri, cinikin ajali ne, ya halatta. Na rungumi fatawar Malam hannu bibbiyu, don ita ce ta yi daidai da abin da raina ke so.

A Fabrairun 2020 ne wannan. Cikin Afrilu korona ta sa aka kulle Kano, shekarar nan ba a yi hawan Sallah ba. Mai kayan doki a shekarar da ba hawa, ai shi da mai tallar ƙanƙara a hunturu duk ɗaya. An killace gari, an killace kasuwa, wayar Alhaji ce kawai ba a killace ba. Ranar ɗaya ga wata, kafin in shafa addu'ar asuba ta shigo.

Abin da ban yi lissafi da shi ba tun farko shi ne Kurmi ba ta karɓar baƙuncin mota. Sarki Muhammadu Rumfa da ya kafa kasuwar nan shekara fiye da 500 da suka wuce bai yi shawara da masu ƙera Golf ba. An auna lungunanmu ne da faɗin jaki da mangalarsa. Sai in ajiye mota can bakin titi wajen Jakara, in biya yaro ya duba mini ita, in tako da ƙafa kamar kowa. Da na gaji sai na riƙa bar wa ƙanina Salisu mukulli. Daga nan Golf ta zama ta dangi: ɗaukar amarya, kai mata awo, ta'aziyya a Bichi, suna a Wudil. Ni ke biya, Salisu ke jingina hannu a taga. In aka tsare shi a shinge aka ga fotokwafi, ni ake kira ina tsakiyar ciniki in yi bayanin cewa ba sato ta ya yi ba.

Fabrairun 2023 na ƙirga, saura wata huɗu, naira 160,000. Na ce bari in dunƙule in biya in huta da gaisuwar asuba. Ashe na zaɓi watan da babu wanda ya fi shi muni a tarihin kuɗin ƙasar nan. An sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, an ce tsofaffi sun daina aiki daga 10 ga wata, sababbi kuwa sai dai ka ji labarinsu. Alhaji ya ce ba ya karɓar tsohon kuɗi. Na ce in yi masa tiransifa. Ya ce wanda aka yi masa tun ranar Talata har yanzu yana hanya, wataƙila a ƙafa yake tahowa.

Kwana tara ina bin layi da masu POS, na haɗa 100,000 da kyar, wasu takardun har da ƙamshin daddawa. Saura 60,000. Muna zaune mun yi jugum sai Alhaji ya ce, "Af, yaron nan nawa ya dame ni zai hau doki da Sallah." Washegari na sa aka ɗauko sirdi da linzami da likkafa biyu na tagulla aka dire a gaban ofishinsa. Ya juya su, ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama. Ina jin ni ne mutum na farko a Kano da ya cika kuɗin motar Jamus da likkafa. Alhaji ya sa yaronsa ya je aka juya takardu zuwa sunana, ya miƙo mini mukulli na biyu, muka yi musabaha.

Wata uku na yi ina cin sarautar mai mota. Ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A daren nan na kwanta na ji wani irin son zumunci ya taso mini daga ƙasan zuciya, irin wanda ban taɓa ji ba. Na tuna ɗawainiyar Salisu. Na tuna falalar kyauta. Na tuna tankin Golf.

Da safe na tara su a ɗakin Hajiya, mahaifiyarmu. Na ce, "Salisu, ga mota na ba ka halak malak." Ya ce, "Na karɓa, Yaya." Hajiya ta fashe da kuka, ta yi ta sa mini albarka har ta haɗa da jikokin da ban haifa ba. A Kurmi da magana ta ƙare ke nan. Kasuwar da fatake suka riƙa sauke kayan Tarabulus da goron Gwanja, ana cinikin ayari guda da "na sallama" da shaidu biyu, dillali ya karɓi la'adarsa kowa ya kama gabansa. Amma Salisu ɗan zamani ne. Ya ce, "Yaya, a canza takarda zuwa sunana, kar gobe a tsare ni a dame ka." Na ga gaskiyarsa. Na ce aikin wuni ɗaya ne.

A ƙofar ofishin da ake wannan aiki akwai wata darbejiya, ƙarƙashinta akwai benci, a kan bencin akwai ejan. Tun kafin mu kashe mota ya san abin da ya kawo mu. Ya zayyano mana kaya kamar mai karanta lefe: takardar kwastan, shaidar mallaka, lasin, hotuna, lambar katin ɗan ƙasa, takardar ciniki, rantsuwa a kotu. Inshora ma tawa ta mutu, kuma tun Janairu ta koma 15,000 daga 5,000. Sannan ya ɗaga biro.

"Nawa ka sayar masa?"

"Kyauta na ba shi."

"Alhaji, ni fom ɗina ba gurbin kyauta. Faɗi kuɗi."

Na ce ya rubuta naira dubu ɗaya. Ya ce in aka ga haka cewa za a yi ta sata ce. "Bari in sa 800,000."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce "Albarka!" ba. Shekara talatin ina kasuwa, ba a taɓa taya mini kaya da wulaƙanci na yi shiru ba. Golf ɗin da na yi wata 36 ina yi wa bauta, har da sirdina a ciki? Na ce ya dubi taya, sababbi ne. Ya ce fenti ya koɗe. Na ce ya saurari inji. Salisu na jan hannun rigata yana cewa, "Yaya, ba fa sayarwa kake ba," ni kuwa na riga na hau. Ba mu tsaya ba sai a miliyan ɗaya da rabi. Na sallama ina huci, ina jin daɗin na yi nasara. Mai buga takardu ya buga, muka shiga kotu aka doka hatimi, na sa hannu.

Muka kai gaban ma'aikaci. Ya duba takardar farko, ya duba ta biyu, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wane ne mai sayarwa?"

Na ɗaga hannu.

"Mai saye fa?"

Salisu ya ɗaga.

"To ni a nan mutum ɗaya nake gani. Muhammad S. ya sayar wa Muhammad S., sunan uba ɗaya, gida ɗaya, unguwa ɗaya. Malam, kanka ka sayar wa mota?"

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son Annabi, duk ɗan da ya samu Muhammadu ne: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u. Ni ne Sani. Yaron Alhaji da ya yi mini takardu ya gajarce ni zuwa S., mai buga takardu kuma ya yi wa Salisu irin wannan aski. Na ce ai da sauƙi, ga katunana. Nan ne ƙasa ta ƙara tsagewa. A katin ɗan ƙasa ni Muhammad ne, a lasin tuƙi Mohammed, a takardar banki Muh'd. Ma'aikacin ya jera su a tebur ya ce, "Ka ga, kai kaɗai mutum uku ne, ku biyu kuma mutum ɗaya ne. Ku je ku daidaita adadinku ku dawo."

Sai da na sake wata rantsuwar cewa mutanen nan uku duk ni ne, da wata kuma cewa ni ba ƙanina ba ne. Muka je wa mai unguwa ya ba mu wasiƙar shaida. Dattijon da ya ci tuwon sunan kowannenmu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce tun da aka naɗa shi yake raba gado da rikicin kwata, bai taɓa raba mutum da ƙaninsa a takarda ba. Aikin wuni ɗaya ya ci sati bakwai, kuma kowane zuwa da man da zan zuba, don mai motar bai zama mai mota ba tukuna.

Ana cikin haka Salisu ya bar fayil a kan tabarma a tsakar gida. 'Yar Yaya Auwalu da ke aji uku a sakandare, wadda ba ta ganin rubutu ta ƙyale, ta ɗauka ta karanta wa Hajiya, har da fassara. Da magariba aka aiko in zo yanzu-yanzu.

Na tarar da ɗaki cike. Matar Salisu na gefe ido jawur, tana tambayar inda ya samu miliyan ɗaya da rabi alhali shekara biyu tana roƙon keken ɗinki. Hajiya ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Sani, ashe kukan da na yi ran nan na banza ne? Ɗan'uwanka ka yi wa tsada haka?"

"Hajiya, wallahi ko sisi ban karɓa ba. Rubutu ne kawai."

"Ka rantse a gaban hukuma ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse, amma..."

"To ko dai ka ci kuɗin ƙaninka, ko ka yi rantsuwar ƙarya. Zaɓi wanda za ka je lahira da shi."

Na waiwayi Salisu ya cece ni, ya sunkuyar da kai yana ƙirga zaren tabarma. Washegari na garzaya wurin Malam mai littattafai in ji ko nawa ne kaffara. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya ce ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba. Wannan fatawar ba ta yi daidai da raina ba, amma ba wani malamin a kusa. Mai turare, da ya kasa kunne ta bayan buhun sandal, ya yini yana ba duk wanda ya zo sayen humra labari. Hajiya kuma ta yanke nata hukuncin daban: wainar sadaka ta Juma'a uku daga aljihuna, da keken ɗinki, wai don a wanke zuciyar yarinya.

Takardu suka fito cikin Agusta, lokacin lita ta wuce 600. Na buɗe da bisimilla. Sunan mai mota: Muhammad S., da sunan mahaifinmu, harafi da harafi irin na tsohuwar takardar. Lambar wayar da ke ƙasa kuwa tawa ce, don ita ejan yake da ita.

Golf tana nan a ƙofar gida, tayar baya ɗaya ta sace. Hajiya ta gano rufinta ya fi ko'ina kyaun shanyar kuɓewa, akuyar maƙwabta kuma ta kama ɗaki a ƙarƙashinta. Ran Asabar da ta wuce ina goge wani linzami sai ga Salisu, ya tsuguna ya gaishe ni da ladabin da ban saba gani ba.

"Yaya, motar nan ta fi ƙarfina. Ko za ka karɓe ta?"

Na ce da wane kuɗin?

"Ai ba sai ka biya gaba ɗaya ba. Ka riƙa ba ni 40,000 duk wata. Takardu ma ba sai an canza ba."

Kafin in buɗe baki mai turare ya leƙo, ya ce in ana neman shaida shi yana kusa.