Ranki Ya Daɗe, Hajiya Ƙyanda

Ranki ya daɗe, Hajiya Ƙyanda, uwar zumunci! Da zafin bazara ya kama, sai ki bi gida-gida kina gaishe da yara, ba kya tsallake ɗakin kowa. Yaro ɗaya ya yi tari, ki tsaya cikin iskar ɗakin har awa biyu kina jiran mai shigowa. Cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance ki, 9 sai sun samu rabonsu. Wane mai kyauta ne ya kai ki adalci?

Ga ki da iya ado. Ki ja wa yaro jan kwalli a ido, ki ɗiga masa fararen ɗigo cikin kumatu, sannan ki yayyafa ƙuraje daga bayan kunne har tafin ƙafa.

Amma babban aikinki a ɓoye kike yinsa, saboda ba kya son riya. Garkuwar jiki tana da fararen ƙwayoyin jini masu riƙe kamannin duk cutar da yaro ya taɓa kayarwa, don in ta dawo su gane ta tun daga ƙofa. Ke kuwa su kike fara yi wa sallama. Kamar ɓarawon da ya bar dukiya ya ƙone littafin mai gadi, haka kike barin jiki bai san abokin gaba ba. Binciken da aka buga a 2019 kan yaran Holan marasa rigakafi ya nuna kin share musu kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na sinadaran kariyarsu. Kina tafiya sai namoniya da gudawa su shigo su ƙarasa, laifin ma ba a kanki ba. Wani yaron kuma ki zuƙe masa bitamin A, ki hutar da idonsa daga ganin wahalar duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kin kwashe rai 107,500 a 2023, yawanci 'yan ƙasa da shekara biyar. Sannu da aiki!

Mahassada sun fito miki da allura tun 1963, ga ta kyauta a asibitin unguwa, in yaro ya kai wata 9 da kuma wata 15. Kada ki damu. Muddin akwai maigidan da zai tura yara bayan rumbu in ya hango masu rigakafi, yana cewa "ai kowa ya yi ta ya warke", ba za ki rasa masauki ba. Shi ma a ba shi tukwici.