Fowil Mai Ƙafa Biyu

Duk mai noman shinkafa a yankin Kura da Garun Malam ya san hanyar gona iri biyu ce. Akwai ta rani, wadda ko keke zai bi, akwai kuma ta watan Agusta, wadda mai hankali ba ya shigarta sai da alwala. Saboda ta biyun ne, da na sayar da shinkafar rani, na ɗaura niyyar sayen mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda makanikai ke kira fowil. Sai dai kuɗin mota ɗaya gare ni, don haka dole ta kai taki gona ranar Litinin, ta kuma kai iyali biki ranar Asabar.

Uwargida ta ce Sienna take so. "Malam, ni dai ba za a kai ni gidan suna ina warin Yuriya ba." Na ce mata Sienna cikinta a ƙasa yake, kunyar farko za ta tsaya ta gaishe ta. Kawuna, tsohon direba, ya ce tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 ba a sake yin mota ba, in nemi 504 akori-kura in huta. Na tuna masa cewa 504 da ƙafafun baya kawai take ja. Ya ce a zamaninsu fasinjoji ne fowil: a sauka, a naɗe wando, a tura. Land Cruiser kuwa kuɗinta kawai na tambaya, na yi salati, na tuna yadda litar fetur ta koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, na bar wurin ba ko sallama.

Aka daidaita a kan tsohuwar Hilux mai gida biyu: gaba na mutane, baya na buhuna.

Dillalin da ya kai ni wurinta ya buga bodinta da tafin hannu. "Alhaji, 'yar Beljiyam ce. Wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita, Lahadi Lahadi." Ni dai har yau ina mamakin ƙasar nan ta Beljiyam, inda kowace mota ta tsohuwa ce, kuma duk masu ibada. A ƙarƙashin kujerar baya na tsinci busasshen tattasai da rasit ɗin kuɗin tasha, amma dillali ya ce ai tsohuwar mai son yaji ce. Ya nuna mini ƙaramar giya kusa da babba, an rubuta mata 2H, 4H da 4L. Ya ce ta farko ta kwalta ce, ta biyu ta yashi da santsi, ta uku kuwa in na sa ta, ko bishiyar kuka motar za ta hau. Na biya, har da la'ada.

Damina ta sauka. Na loda buhunan taki na nufi gona, da yaron gonata a gefe. Inda ruwa ya kwanta a bakin fadama, masu amalanke suka ɗaga mini hannu in tsaya. Na ɗaga musu nawa, irin ɗagawar da ciyaman ke yi. Muna kaiwa tsakiya mota ta zauna. Na tsaya, na taka kuloci, na ja ƙaramar giya zuwa 4L cikin natsuwa, na taka totur. Ƙafafun baya suka yi ta juyi suna feshin laka, na gaba kuwa ko gezau.

Yaro ya ce, "Baba, sai an kulle hob." Gaskiyarsa: tsofaffin irin wannan mota suna da wani makulli a tsakiyar tayoyin gaba, sai an sauka an murɗa shi da hannu kafin su karɓi aiki. Na shiga laka har gwiwa, babbar rigata a kafaɗa, na murɗa dama na murɗa hagu. Na koma na taka. Motar ta ƙara nutsewa. Sai yaron ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, sannan ya fito yana share fuska.

"Baba, ina furofelar gaba?"

Wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba, babu shi. Wasu kan cire shi in ya fara ƙara, ko don suna ganin mota za ta rage shan mai. Tsohuwar Beljiyam ta riƙe nata, ƙila don tunawa. Shanun huɗa biyu ne suka fitar da mu, mai su yana tambayata ko su ma in sa musu 4L.

Da na koma wa dillali, bai ko ƙifta ido ba. "Alhaji, ai ba ka tambaya ba. Amma Allah ya so ka, akwai wata furofela a wurina, kamar don motarka aka yi ta." Haka kuwa aka yi, ta zauna daram, har tsatsarsu iri ɗaya.

Saura ɓangaren iyali. Sifirin bayan akori-kura an yi shi ne don kaya, in babu nauyi sai ta riƙa tsalle. Surukata ta shiga sau ɗaya, bayan an kawo mata turmi ta taka, ta sauka tana cewa, "Ɗan nan, Allah ya yi albarka, amma haƙorina na Makka ya girgiza." Bakanike ya ba ni magani: kullum in ajiye buhuna a baya, za ta lafa.

Ranar bikin ƙanwar uwargida a Zariya na ɗora buhun shinkafa shida, irin da na ware don shuka. Tafiya ta yi daɗi, uwargida har da gyangyaɗi. Muna tsayawa a ƙofar gida wata gwaggo ta leƙa baya, ta rangaɗa guɗa. Kafin in kashe mota samari sun sauke biyar, maroƙi ya kama kirari yana kirana gatan dangi. Na buɗe baki zan yi bayanin sifirin, uwargida ta taka mini ƙafa.

"Malam, saura ɗaya. Miƙa musu mana, kada a ce ka yi rowa."