Jama'ar Eko da Ɗabi'unsu

Duk wanda ya taɓa wuni a Ibeto ranar kasuwa, ko ya halarci walima a Kontagora bayan lisha, ya san cewa a wannan zamani magana ba ta cika magana sai ta fito ta bakin lasifika ta maimaita kanta sau uku, wato abin da samari ke kira eko. Da yake kuwa Allah ya halicci bayinsa jinsi-jinsi, sai na'urar da ke wannan aiki ta tara wa kanta jama'a, kowa da irin tasa lalurar.

Asalinta zare ne irin na rikoda da aka haɗe bakinsa biyu, yana kewayawa ba hutu: kai ɗaya ya rubuta murya, na gabansa ya karanta, wani ya goge, ɗan lokacin da zaren ke ci tsakanin marubuci da makaranci kuwa shi ne jinkirin da kunne ke ji. Wani Bature, Charlie Watkins, ya fitar da Copicat a Landan cikin 1958, kamfanin Roland na Japan kuma ya fitar da RE-201 cikin 1974, mai kawunan karatu uku, wadda mai haɗa kiɗa Lee Perry ya yi ta wasa da ita a Jamaika har duniya ta san amonta.

Shugaban jama'ar shi ne ma'abocin tsohuwa, dattijon da ya yi hayar lasifika a ƙuruciyarsa, ya kuma naɗe tasa cikin atamfa a ƙarƙashin gado. Mazhabarsa ita ce duk abin da aka ƙera bayan rasuwar Shata a 1999 bidi'a ne, domin a faɗarsa muryar zare tana da maiƙo, ta kwamfuta kuwa lami ce. In ka ce, “Baba, a kunna mana mu ji,” da damina zai ce zare ba ya son laima, da hunturu ya ce ƙura, da bazara ya ce zafi, alhali iyalinsa sun daɗe da yin ijma'i a kan cewa ɓeraye sun gama da wayoyin cikinta.

Sai mai gyara, wanda ya cancanci a tsaya kansa, domin shi ne mujtahidin wannan fanni, kuma ba shi da littafi sai hancinsa. Rumfarsa maƙabartar rediyo ce, kowace gawa da alkawarin “dawo jibi” a kanta. Idan aka ajiye masa na'urar, ya kan buɗe ta, ya sunsuna, ya hura, ya goge kawunan da auduga da sipirit, sannan ya danna robar da ke matse zaren da farcensa, ya ga ta ƙandare, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa majiyyaci a makare. A nan ilminsa sahihi ne, gama robar nan idan ta bushe zaren ya kan riƙa santsi, murya ta riƙa rawa. Inda ijtihadin ke kai shi daji shi ne wajen zaren kansa: na'urar tana son mai faɗin rubu'in inci, na kaset bai kai ba, na bidiyo kuma rabin inci ne, saboda haka sai ya sa reza ya tsaga na bidiyon gida biyu, ya liƙe bakin da man farce, ya yi bisimilla ya kunna. Abin da ke fitowa daga lasifikar ba a san harshensa ba. Zai rufe ta, kusoshi uku sun yi saura a tafinsa, ya ce, “Alhaji, ai Japanawa israfi gare su.”

Dillali kuwa ba ya jin kiɗa, ba ya son kiɗa, amma ya samu labari cewa abin da muke jinginarwa a zaure Turawa na sayensa da kuɗin da za su iya kai na babur. Saboda haka idan ya zo saye sai ya kira na'urar tarkace, ya ce don zumunci kawai zai ɗauka, idan kuma ya kai ta Alaba a Legas sai ta zama budurwa ba a taɓa kwance ta ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye, amma shi ranar da aka karanta babin yana kasuwa.

Mafi yawa a ƙasar nan su ne waɗanda ba ruwansu da zare ko kwamfuta, muddin amfilifaya ta Ahuja tana da maɓallin eko su murɗa shi har ƙurya. Cikinsu akwai mai maganin basir, da sanƙiran biki, da mai cigiya, wanda zai ce an tsinci akuya, lasifika ta amsa “kuya, kuya, kuya”, mai akuyar na tsaye a gindin sandar bai fahimci komai ba. Na lura cewa gwargwadon ƙarancin abin da mutum zai faɗa, gwargwadon yadda yake murɗawa.

Ɗan zamani shi ne auta, mai laftof da fiyano, wanda ke duban duk waɗannan da tausayi, yana cewa eko ɗari na cikin wayarsa, babu roba, babu ɓera. Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma nasa zan saya, ko da yake hujjarsa ta kan mutu tare da cajinsa. Shi ne ya kawo wa majalisarsu labarin cewa tun 2007 kamfanin Boss, reshen Roland, ya ƙera RE-20, ƙaramar na'ura marar zare da ke kwaikwayon tsohuwar har da rawar muryarta, kuma mutane na biyan kuɗi don rawar. Dattijo ya ce ai ga shi gaskiya ta yi halinta, dillali ya tashi ya fita buga waya, mai gyara kuwa ya daɗe shiru, sannan ya tambaya ko nawa suke biya, domin shi kowace na'ura ta bi ta hannunsa da rawar take fita.