Rabe-raben Masu Fita da Yara a Hunturun Gobir

A gabashin Jihar Sakkwato, yankin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da ke dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, hunturu yakan sauka daga ƙarshen Nuwamba ya kai har cikin Fabrairu, kuma abin da ake nufi da shi busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da lallausar ƙura wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda a zamanin da ruwan wani babban tafki ya kwanta. Ƙurar ita ke zama hazo, mai dusashe rana har a iya kallonta da ido, sanyin da ke tafe da ita kuwa shi ne ɗari, wanda ya bambanta da sanyin damina domin ba ya da laima, yana busar da leɓe, yana tsaga dugadugai. A dararen Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 15, a bakin fadama ma ƙasa da haka, adadin da mutanen ƙasashen dusar ƙanƙara za su ɗauka lokacin shan iska ne, amma ga jikin da ya saba da digiri 40 na watan Afrilu abin ba wasa ba ne.

Sai dai kuma a daidai wannan lokaci ne fita ke yawaita, domin gero da dawa da wake sun shiga rumbu, kuɗi sun ɗan zauna a hannu, Gulbin Rima ya janye daga hanyoyin da ya cinye da damina, bukukuwan aure kuma sun yi layi. Zumunta a ƙafa take, kuma ta Gobirawa doguwar ƙafa gare ta, saboda tun bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birninsu, a 1808 zuriyarsu ta rabu tsakanin Tsibiri da ke kusa da Maraɗi da Sabon Birni da aka kafa daga baya, har ya zama da wuya a sami gida a Tsamaye da ba shi da gwaggo a Gatawa ko Unguwar Lalle, ko kawu a Isa, ko ɗiyar da aka aurar a ƙetaren iyaka. Rashin tsaron da ya addabi yankin a shekarun nan ya taƙaita waɗannan tafiye-tafiye ƙwarai, ya sa ana fita a ayari kuma ana ƙoƙarin komawa gida da sauran rana, amma bai hana suna da biki da gaisuwa ba. Wanda ya lura da irin wannan fita zai ga cewa rigimar da ake yi da ɗari ƙarama ce idan aka gwada ta da wadda manya ke yi a junansu kan wane ne ke da iko da jikin yaro, domin kowane babba yana tufatar da yaron ne gwargwadon tsoron da ke cikin nasa ran, yaron kuwa ba a tambayarsa.

Mafi yawa a cikin waɗannan manya ita ce uwa mai nannaɗewa. Ƙa'idarta ita ce iska ba ta da amana, kuma duk ƙofar da aka bar mata, ko da ta kai girman kunne ce, ta nan za ta shiga. Saboda haka takan fara da 'yar shara, ta ɗora riga, ta ɗora rigar sanyi, ta ƙara da ta yayansa wadda hannayenta suka wuce yatsunsa, ta sa hular ulu mai rufe kunnuwa, ta sa safa a ƙafa, ta sa wata safar a hannu, sannan ta naɗe shi da tawul, ta goya shi da zane, ta ɗaure da majanyi, wato ƙyallen da ake ƙarfafa goyo da shi, daga ƙarshe ta saki hijabi ya lulluɓe komai. Maƙwabta sukan gai da ƙunshin bisa kyakkyawan zato cewa akwai mutum a ciki. Abin da aka sha gani shi ne, da zarar an ƙulle majanyin, an yi addu'ar fita, sai yaron ya aikata abin da zai wajabta kwance duk abin da aka ɗaura, a sake daga farko, mai gida yana tsaye a zaure yana gyaran murya. Matsalarta ta biyu ita ce rana, domin hunturu da tsakar rana yakan yi zafin da ya haura digiri 30, yaron ya jiƙe sharkaf da gumi, ita kuwa in ta taɓa goshinsa ta ji ɗumi sai ta ce zazzaɓi ne, ta nemi wani zanen ta ƙara. Duk da haka bai kamata a yi mata dariya da yawa ba, domin ita ce ke kwana zaune idan tari ya sarƙe ƙirjin jariri, kuma ta san nisan da ke tsakanin ɗakinta da asibiti fiye da duk mai ba ta shawara.

Kishiyar wannan ɗabi'a tana wurin magidanci mai musun ɗari, wanda ke fitowa da riga mai shara-shara, ya dubi hazo ya ce, «Wanga ba ɗari ba na, ɗari sai na zamanin da.» A ra'ayinsa jikan Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ba ya rawar ɗari, kuma yawan lulluɓi ne ke lalata yaran yanzu, bayanin da yakan yi haƙoransa suna kaɗawa. Ana gane shi da alamu biyu. Da an isa tasha sai ya tuna cewa ya daɗe bai gai da mai shayi ba, gaisuwar kuma ba ta ƙarewa sai an kira mota, a gefen da wuta take. Sannan a duk shekara wannan ne kaɗai lokacin da yake ce wa uwargida, «Kawo shi nan in riƙe miki,» ya rungume jaririn da tawul ɗinsa a ƙirji kamar kaskon wuta, mutane suna yaba masa son 'ya'ya.

Kaka kuwa ba ta yarda da tufafi ba, ta yarda da mai. Makaminta man kaɗe ne, wanda ake fitarwa daga ƙwallon kaɗanya, kuma tana kallon basilin na kanti a matsayin ruwa mai tsada. Tun da asuba takan narka shi a bakin murhu, ta kamo jikanta da irin wasan da al'ada ta halatta tsakaninsu, tana cewa, «Taho nan, angona, ba ni fita da miji mai faso,» faso kuwa shi ne tsagewar dugadugai da ɗari ke kawowa. Tana shafe shi daga tsakar kai har tafin ƙafa, ta cusa kaɗan a hanci, ta goga a leɓe, sai ya fito yana ƙyalli. Ta fuskar kare fata ba a ja da ita, domin man yana riƙe laimar jiki yadda ya kamata. Abin da lissafinta bai haɗa da shi ba shi ne hanya, saboda duk ƙurar da ke tsakanin Tsamaye da Sabon Birni tana neman wurin maƙalewa, kuma yaron da ya bar gida baƙi mai sheƙi yakan isa gidan biki fari fat har gashin ido, dangi su tsaya tambayar ɗan wane ne.

Akwai kuma mai sammako, da ke so a kama hanya bayan sallar asuba lokacin da ɗari ya fi cizo, da mai jiran hantsi, da ke cewa a bari rana ta ɗan yi ƙwari, alhali a ranar hazo ba ta yin ƙwarin sai wajen azahar. Yawanci Allah kan haɗa su aure.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne kawu ɗan birni, mai zuwa biki da tsarabar gwanjo, wato tufafin da aka riga aka sa a Turai da Amurka, aka ɗaure su dila-dila aka sauke a tashoshin ruwa irin na Kwatano, daga nan suka bi hanyar Maraɗi da sauran kasuwanni har suka iso ƙauye. A cikinsu akwai rigar da aka ɗinka wa yaran ƙasashen da ruwa ke daskarewa a kan titi, inda iyaye ke jan 'ya'yansu a kan ƙanƙara suna lura kada sanyi ya kashe musu yatsu. Riga ce haɗe da wando, cike da abu mai laushi, da zif ɗaya tun daga wuya har ƙasa, da hula mai gashi a baki. Yaron da aka zura a ciki ba ya iya lanƙwasa gwiwa ko sauke hannuwa, sai a ɗauke shi a miƙe a ajiye a miƙe, kawun yana bayani cewa ko a Rasha wannan ake sawa. Zif ɗin yakan yi aiki lafiya har zuwa lokacin da yaron ya ce fitsari yake ji, a nan ne yake cijewa, a taru a kansa mutum uku, wani ya kawo man kaɗen kaka, wani ya ce a kawo reza, kawun yana roƙon kada a yanka domin kuɗin da ya biya. Idan rigar sanyi ce mai hoton wata dabba mai ƙahoni rassa-rassa, dattawan zaure sukan kwashe hantsi guda suna gardamar ko barewa ce ko gada, wani maharbi ya rantse cewa babu irinta a dajin Allah.

Kusa da kawun akwai masanin rediyo, wanda ya ji a sashen Hausa na BBC cewa dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi a wata ƙasa, kuma yake ganin wannan labari ya isa ya ɗumama duk wanda ke cikin mota.

Ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, shi ne wanda hukuncinsa ya fi na kowa tasiri, ko da yake ba dangi ba ne. Shi kansa ya naɗe fuska da rawani, ya sa tabarau da safar hannu da jibgegiyar riga, sannan ya tsara fasinjojinsa bisa ilmin lodi: uwa da goyo a can baya, 'yan tsakiya a matse, mafi ƙanƙanta mai iya zama kuma a gaba bisa tanki, inda duk iskar hanya za ta fara sauka a ƙirjinsa kafin ta kai ga kowa. Wannan tsari ba shi da abin kariya ko kaɗan, kuma abin mamaki ne yadda uwar da ta hana iska shiga ta kunne take yarda da shi ba musu. Amalanken shanu ya fi jinƙai, domin ana shimfiɗa tabarma a lulluɓe yara da bargo ɗaya, illa dai ana iya isa bayan an raɗa suna an watse.

A can masauki ana tarar da mai karamcin wuta. Bayan an yi «ina ɗari» an amsa da «lokacinai na», sai ta kawo kunu mai citta da kanumfari, ta cika kasko da garwashi ta shigar ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, ta toshe kafofi da tsumma saboda baƙi. Niyyarta kyakkyawa ce, amma gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma tana kisa, ga haɗarin gobara da na yaro mai rarrafe. A nan mai musun ɗari yakan yi amfani sau ɗaya a shekara, idan girman kai ya sa ya ce a buɗe ƙofa.

Su kansu yaran ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai gudun wanka, wanda tun daren jajibiri yake ɓacewa da ya ji an ɗora tukunyar ruwa, sai an zaƙulo shi daga bayan rumbu. Akwai mai majina, da ya mai da hannun rigar bikinsa hankici tun kafin a fita gari. Akwai yaya 'yar shekara tara ko goma, wadda ba a lissafa ta cikin yara ko manya, ita ke riƙe da buta da ƙullin kaya da hannun ƙane, kuma duk abin da aka tuɓe wa wani idan rana ta yi a kanta ake ɗorawa, ba wanda ya tuna ya tambaye ta ko ta sa rigar sanyi. Sai kuma mai tuɓewa, wanda shi kaɗai a ayarin yake auna yanayi da jikinsa, ya cire hula idan ya ji zafi, ya shiga rana idan ya ji ɗari, ya bi 'yan'uwansa wasa cikin rairayi da ƙafa ɗaya a safa ɗaya a waje, a kuma yi masa faɗa a kan duka. Ba a lura da ɓatan safar sai an hau hanyar komawa, lokacin da ba mai yarda a juya saboda yamma ta gabato. Mai masauki takan tsince ta bayan kwana biyu a gindin turmi, ta wanke ta adana, ta jira amintaccen matafiyi mai zuwa Tsamaye, wanda shi ma yakan manta da ita a aljihu na wasu makonni, ta yadda sa'ad da za ta iso hannun uwar, bazara ta kama, ana kwana a tsakar gida, ɗayar safar kuma an riga an yi wa 'yar tsana hula da ita.