Mu da but ɗin mota

Mu dai a benen nan namu na Frankfurt, in aka ce hutu, makullin mota ake fara nema. Gida huɗu ne na Hausawa a ciki, biyu daga Kano, ɗaya daga Damagaram, ɗaya daga zangon Kumasi, kuma duk halinmu ɗaya a kan wannan. Shi ya sa ranar Lahadin da Alhaji na hawa na uku ya ajiye kofin shayi ya ce bana Zermatt zai kai iyalinsa, su ga dutsen nan mai tsini da aka daɗe ana bugawa a kwalin Toblerone, ba wanda ya tambaye shi da me za su tafi. Sai ɗalibin nan na ɗakin sama, wanda bai shekara biyu da zuwa ba.

"Baba, ai da jirgin ƙasa kuka bi. Basel, Visp, sai ga ku a gindin Matterhorn."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Yaro, ka taɓa ganin kayana?"

Mu mun gani. Kula biyu, ɗaya ta miya ɗaya ta nama. Tukunyar shinkafa ta lantarki, garin tuwo, robar yaji, buta, darduma uku, da bargon da ta zo da shi daga gida don ba ta yarda da na otal ba. Kada ma ku yi mata dariya, tana da hujja. A tsaunukan Suwizalan farantin abinci ɗaya sai ya cinye kuɗin cefanenka na kwana biyu, kuma cukun nan da suke narkawa a tukunya suna tsoma burodi, fondue, yawanci da barasa ake haɗa shi. Wa zai kai 'ya'ya huɗu can ya tsaya tambayar mai abinci me da me aka zuba?

Maman Biyu ta tuna mata cewa 'yan kwastan na can kilo ɗaya na nama suke ƙyale wa mutum, abin da ya haura sai an biya. Hajiya ta ƙirga kawunan gidanta da yatsa, har da auta mai shan nono, ta ce kilo shida ya ishe ta.

Daga nan maza suka karɓe zancen, aka shiga lissafi. Baban Biyu direban tasi ne, shi ne malaminmu a wannan fanni. Ya ce kafin ka hau babbar hanyar Suwizalan sai ka sayi sitikarsu, faran 40, ta shekara guda ce ko da wuni ɗaya za ka yi, in kuma aka kama ka babu ita tarar faran 200 ce, sannan ka sayi sitikar. Ya ce wa Alhaji ya manta da gudun da ya saba a Jamus, can iyakarsa 120, kuma kyamararsu ba ta gyangyaɗi. Amma duk da haka, in ji shi, mota ba ta san yawan mutanen da ke cikinta ba, kuɗin mai ɗaya ne, jirgi kuwa kowane kai da kuɗinsa. Ɗalibin ya ce a'a, in iyaye suka sayi tikitin zagaya ƙasar, akwai katin iyali da yara 'yan ƙasa da shekara 16 ke shiga da shi kyauta. Aka yi kamar ba a ji shi ba.

Abin dariyar, Baban Biyun nan da ke kare mota shi ya fi kowa shan wuyarta. Matarsa ce ta tona shi. A wani hutu da suka nufi Italiya, sun yi awa biyu da wani abu a tsaye kafin bakin ramin Gotthard, wanda aka buɗe a 1980, mai kusan kilomita 17, yara suna kukan fitsari. Alhali a can ƙarƙashinsu, cikin ramin jirgi na 2016 mai kilomita 57, mutane na ratsa dutsen a kamar minti 20 suna shan kofi. Da dawowa ya yi rantsuwa ba zai sake bin rami ba, ya hau da su ta kan duwatsu har mashigar Furka, sama da mita 2,400. An gudu ba a tsira ba. A gangara ya ɗora ƙafa a birki ya ƙi sauko da giya, har ƙauri ya cika motar.

"Ni ban ga komai ba," in ji Maman Biyu. "Idona a rufe, ina ta salati. Shi kuma da na tambaye shi me ya gani, ya ce layin titi."

"To ai mun iso lafiya," in ji mijin.

Ni kam a ganina, ba kuɗin ba ne, ba ma kular ba ce kaɗai. Mota ɗakinmu ne mai tayoyi. A ciki mu ɗaga murya yadda muka ga dama, mu sa karatu ko wa'azi, mu ci da hannu, in lokacin salla ya yi mu ratse mu shimfiɗa darduma. Uwa uba, mota tana jira. Ƙarfe bakwai ɗinmu ta safe, kowa ya sani, goma ce da 'yan mintoci, bayan an koma sama sau uku ɗauko abin da aka manta. Jirgin 'yan Suwizalan kuwa in ya ce bakwai da minti huɗu, haka yake nufi, kuma a tasha ta gaba sai ka tarar minti shida aka ba ka ka sauya wani. Ku kwatanta Hajiya da kula biyu da goyo a minti shida. Ban faɗa musu ba, amma bara ni da 'yata jirgi muka bi zuwa Interlaken, na yi barcina na tashi na ga tafki ta taga, ba wanda ya ce in duba masa taswira. Na yi shiru ne don kada a ce na zama Baturiya.

Ɗalibin dai bai haƙura ba. Ya ce, "Baba, wallahi ba a shiga Zermatt da mota."

Alhaji ya yi murmushin manya. "Ɗana, shekarata 23 a ƙasar nan ina tuƙi. Za mu gani."

Sun tafi ranar Asabar, ƙarfe bakwai ɗinmu. Lahadin sama muka sake haɗuwa a tsakar gida, Hajiya ta kawo mana cakulan, bakinta kuma cike da labari. Ta ce sun wuce Bern lafiya lau, suna ta hawa, sai a wani gari Kandersteg titi ya ƙare ƙurmus, dutse ya tare gaba. Ashe a nan mota ake ɗorawa a kan jirgi. Alhaji ya bi layi ya hau da motarsa, ya kashe inji, ya ja birkin hannu, jirgi ya shige da su cikin duhu minti 15 har Goppenstein. Ta ce tun daga shiga har fita hannunsa biyu na kan sitiyari.

"Sabo ne," in ji Alhaji.

Ba a nan ta tsaya ba. A Täsch, saura kilomita biyar su isa, aka nuna musu gidan ajiye motoci, nan ma kullum da kuɗinta. Suka sauke kaya kaf a kan amalanken tasha, kula biyu, tukunya, buta, bargo, suka tura har cikin wani jirgin, minti 12 sai Zermatt, inda ba ka jin ƙarar inji sai 'yan ƙananan motocin lantarki na otal-otal. Washegari yara suka tubure sai an hau da su Gornergrat, mita 3,089, inda ake ganin Matterhorn ido da ido. Can ma jirgi ne ke kai mutum, mai haƙora a ƙasa yana kama dogo.

Maman Biyu ta ƙirga. "Uku ke nan, Alhaji. Ban da dawowa."

Ɗalibin ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi, don yaro ne mai tarbiyya.

"Amma da motata na je," in ji Alhaji.

Hajiya ta juya wajen Baban Biyu. Ta ce baɗi Ostiriya take so, kuma but ɗin ya yi musu kaɗan, ko ya san inda ake sayar da akwatin nan da ake ɗaurawa a rufin mota?