Bayin Agogo

Agogon hannu mai tsada dangin doki ne: ranar saye ake guɗa, amma harawa da dusa da kuɗin ɗan barga kullum ne. Rolex ko Omega ko Patek Philippe, yawancinsu ba batir suke ci ba. A ciki akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe, motsin hannunka ke ɗaure shi, shi kuma ya riƙa saki a hankali yana juya 'yan ƙafafu masu haƙora, suna bugawa kamar sau 8 a daƙiƙa guda, dare da rana. Abin da ke gogar juna haka dole ya sha mai, mai kuma yana bushewa. Shi ya sa kamfanin Rolex da kansa yake cewa a kawo masa agogo kamar duk shekara 10, a warware shi kaf, a wanke, a sa sabon mai, a canja robobin da ke tare ruwa. Aikin yakan lashe abin da ya kusa dala 1,000, in babu abin da ya karye ke nan, kuma sai ka yi makonni hannunka wayam. A nan halin kowa ke fitowa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji Naɗe-Hannu. Allah ya ba shi agogo, ya kuma jarrabce shi da babbar riga. Duk taron ɗaurin aure za ka gan shi yana saɓa hannun riga a kafaɗa, ta zamo, ya sake saɓawa. In zai nuna maka masallaci, da hannun hagu zai nuna, ko da kuwa masallacin yana damarsa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya laluba aljihu ya zaro waya, don agogon ya tsaya tun shekaranjiya. Irin wannan agogo in aka ajiye shi kwana biyu zuwa uku ba motsi, barci yake yi, Alhaji kuwa sai ranar Juma'a yake ɗaurawa, kuma yana tsoron taɓa ɗan kan da ake murzawa kada ya ɓata wani abu.

Ƙaninsa a wahala shi ne mai akwatin juyi. Shi ya ji labarin agogo ba ya son zama, sai ya sayo wata na'ura a Dubai mai jujjuya agogo kamar yana hannun mutum. Nasa kuma ba ƙaramin agogo ba ne, irin mai kalanda ne da ya san wata mai kwana 30 da mai 31, ya san 29 ga Fabrairu duk bayan shekara huɗu, ba ya buƙatar gyara sai shekarar 2100. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya tsaya. Masu ƙera shi a Suwizalan ba su yi shawara da masu ba mu wuta ba. Don haka in an ɗauke wuta da tsakar dare, iyali suna ta fifita saboda zafi ba wanda ya kula, amma da ya tuna akwati sai ka ji murya daga bene: "Kai Ɗanladi, tayar da janareta!" Hajiya ta daɗe da gane matsayinta a gidan.

Akwai kuma mai tsoron buta. Agogonsa na masu ninƙaya ne a ƙarƙashin teku, an rubuta a fuskarsa cewa yana jure zurfin mita 300. Shi kuwa ko a dam ɗin Tiga bai taɓa tsoma ƙafa ba. Amma da an kira salla, sai ya kwance shi da hannu biyu, ya naɗe a hankici, ya cusa a aljihun gaba, ya yi alwala yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. A sahu kowa ya ɗora dama a kan hagu, shi ya ɗora duka biyun a kan aljihu. Ruku'unsa gajere ne, kada abu ya zame. Abokinsa kuwa akasin haka ne, ya yarda da mita 300 ɗin har ya manta cewa sai an murza kan agogon ya kulle tukuna. Wata safiya ya ga hazo a cikin gilashi, ya ce hunturu ne. Bayan wata uku tsatsa ta gama da cikin.

Kan batun zinare kuwa, mutum guda yana da baki biyu. Kowa ya san an hana namiji Musulmi ado da zinare, kuma Rolex ɗin da manya suka fi ƙauna, Day-Date, tun fitowarsa a 1956 da zinare ko filatinam kaɗai ake yin sa. A gaban abokai sai ya ce, "Ɗaga ka ji nauyi, zalla ne." A gaban malam kuma, "Allah ya gafarta Malam, ai ruwa ne kawai aka ɗan shafa masa." Wani mai wayo ya sayi na farin zinare don kada a gane. Ba a gane ɗin ba kuwa, kowa ya ɗauka ƙarfe ne, abin da ke ci masa rai ke nan har yau.

Wanda na fi jin daɗin kallo shi ne mai ƙin biyan kuɗin gyara. Da naira ta faɗi, daga wajen 460 a dala kafin tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ya buga lissafin aika agogo waje ya ga kuɗin ya kai na sa da buhunan shinkafa. Sai ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ya nufi Sabon Gari wajen mai gyaran agogo, mutumin kirki, mai ɗan tebur da akwatin gilashi cike da matattun Seiko da Rado na tsofaffin alhazai, da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya. Malamin ya juya agogon, ya ga bayansa ba ya buɗuwa sai da mabuɗi na musamman, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba irin namu ba ne." Yallaɓai ya ce a dai gwada. Aka gwada da bakin almakashi. Aka hura ƙura da baki, aka ɗiga man keken ɗinki, aka sa robar wani agogon da ta ɗan yi kama. Kwana biyu yana aiki kamar sabo, Yallaɓai yana ta ba da labari a majalisa cewa Turawa cutarmu suke yi. A mako na uku ya fara sallar la'asar da ƙarfe biyu. Yanzu agogon yana Jeneba, an aiko masa da takardar kuɗi mai shafi biyu, kuma laifin duk na mai tebur ne, wanda tun farko ya ce kada a buɗe.

Wani ma ba gyara ya kai ba, a kan lasifikar rediyo yake kwantar da nasa kullum. Maganaɗisu ya kama ɗan gashin ƙarfen da ke daidaita bugun, agogo ya riƙa gudu. Karo na farko a rayuwarsa ya zo taro kafin lokaci, ya tarar ana jera kujeru, ya koma gida yana faɗa.

Ɗan jari ba ya cewa ya sayi agogo, cewa yake ya ajiye kuɗi. Ya haddace labarin agogon Daytona na ɗan fim Paul Newman da aka yi gwanjonsa dala miliyan 17.8 a 2017, da wani Patek da aka saya kuɗin Suwizalan miliyan 31 a 2019. A farkon 2022, lokacin da farashin na hannu ya kai ƙololuwa, shi ma ya shiga, ya biya dillali ninki a kan kuɗin kanti don ba zai iya jiran layi ba. Daga nan farashi ya juyo ƙasa. Ba ya ɗaura agogon, kada ya karce. Bai ɓare ledar ba. Kwalin da katin garanti suna wani banki, agogon yana wani, don an ce masa in babu takardu daraja ta ragu. Duk shekara yana biyan kuɗin ajiya da na inshora, a hannunsa kuma Casio ne na roba, wanda batirinsa ke shekara bakwai kuma ya fi duk abin da ke bankin faɗin gaskiyar lokaci.

Mai jabu shi ne ya huta. Nasa daga Sin ya zo, ya saya a bakin titi bayan ciniki mai zafi, yana alwala da shi, yana wanke mota da shi. In ya mutu ya jefar ya sayi ɗan'uwansa. Abin da ya ɗan rikita kasuwar shi ne masu na gaske ma sun fara sayen jabun nasu su ɗaura, musamman in za su London, inda ake fizge agogo a hannu da rana tsaka. Sai ka ga mutum biyu a teburi ɗaya, kowa da jabu, ɗaya yana raina ɗaya.

Ranar rabon gado ake ganin na ƙarshensu. Marigayi ya bar wani tsohon Rolex da ya sayo a Jidda shekarar da ya sauke farali. Babban ɗa, don nuna kulawa, ya kai an goge shi da inji har yana ɗaukar ido, aka kuma canja masa fuska da sabuwa saboda tsohuwar ta koɗe. Da aka kira wanda ya san kan abin ya yi masa kuɗi, sai ya dafe kai: koɗaɗɗiyar fuskar nan da karce-karcen su ne masu tara tsofaffin agogo ke biya, gogewa ta cinye kaifin gefensa.

"Ina tsohuwar fuskar?"

"Mai gyaran ya ce shara ce, na bar masa."

"Takardunsa fa?"

Aka dubi Inna. Inna ta ce kwalin dai tana zuba allura da zare a ciki, takardun kuwa an daɗe da ƙunshe tsire da su. Ƙannen da suka kwana suna rigima a kan wa zai ɗauka, da suka ji kuɗin da za a kashe kafin ya sake tafiya daidai, sai kowa ya ce ai Yaya ne babba, shi ya fi cancanta.