Lambar Inji da Shaidar Zur

Ina cikin bayin Allah da aka jarrabta da son tsofaffin motocin gudu masu kujera biyu, kuma a cikinmu ma ina ɓangaren da ciwonsa ya fi tsanani, wato masu cewa sai sun tabbatar inji da giyabos da aksul ɗin da ke jikin mota su ne ainihin waɗanda kamfani ya ɗaura mata ranar da ta fito. Gane mu ba wuya: baƙin mai a kunne, madubin likitan haƙori a aljihu, wuya a karkace saboda leƙen inda ba a yi don leƙe ba. Abin da muke nema lamba ce, 'yan haruffan da aka buga a jikin ƙarfe shekara sittin da suka wuce, kuma da mun gan ta sai mu yi hamdala mu miƙa kuɗi. A ganina a nan ake yanke mana aljihu. Lambar da aka buga ita ce shaida mafi rauni a duk jikin motar, don ba abin da ake buƙata wajen rubuta ta sai guduma da ƙarafan buga lamba da rashin tsoron Allah, kuma duk ukun ba su da tsada.

A ɗauki Jaguar E-Type, wadda aka fara nuna wa duniya a Geneva a watan Maris na 1961, aka kuma riƙa ƙera ta a Browns Lane da ke Coventry a Ingila. Kamfanin bai yi rowa ba. Ya kafa wani ɗan faranti a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lamba huɗu, ta shasi da ta bodi da ta inji da ta giyabos, kuma har yau cibiyar Jaguar Daimler Heritage Trust tana duba kundin kamfani ta ba ka takardar da ke faɗin lambobin da motarka ta fito da su. Wai abin da ya rage kawai ka duba ka gani ko sun dace. Wannan "kawai" ɗin ita ce ke cinye wa mutum Asabar da Lahadi. Lambar injin tana saman tukunyar tace mai, daidai inda man da ke yoyo tun zamanin jamhuriya ta farko ya haɗu da ƙura ya daskare. Ka kankare, ka goge, ka haska, in ka yi sa'a ka ga harafin R na inji mai lita 3.8, ko 7E na mai lita 4.2, da 8 ko 9 a ƙarshe mai nuna ƙarfin matsin silinda. Kana cikin murna sai ka tuna akwai ta biyu a kan top silinda, kuma ba dole ba ne su san juna, don top shi ne abin da ake fara canzawa duk ranar da mota ta tafasa. Ta giyabos kuwa sai ka kwance cikin motar kafin ka ga ƙeyarta, in kuma kana son ganinta da kyau sai an sauke bonet, an zaro inji da giyabos tare. Allura ta tono garma kenan: ka shiga gareji da burushin haƙori, magariba ta same ka kana cigiyar inda ake hayar sarƙar ɗaga inji.

Aksul ɗin baya ya fi duka iya wulaƙanta mutum. Ba ya cikin lambobi huɗun nan, abin da yake da shi ɗan guntun ƙarfe ne maƙale a jikin noti guda, an rubuta 43/13 ko 46/13, wato yawan haƙoran babban giya da na ƙarami. Na farko yana ba da 3.31, na biyu 3.54, wanda aka fi sa wa motocin da aka kai Amurka. Ɗan ƙarfen nan kuwa yawanci wani bakanike ya yar da shi tun shekarun 1970, ranar da ya buɗe wurin don gyara yoyo, ya ga abin ba ya riƙe komai. Sai dai ka ɗaga bayan motar, ka zana alli a taya da farfela, ka sa yaro ya juya taya zagaye ɗaya, kai kuma kana kwance a ƙasa kana ƙirga juyin farfela don ka bambanta uku da sulusi da uku da rabi. Mutum mai iyali, mai furfura, yana rigingine yana musu da yaro a kan sulusi.

To a ce ka sha duk wannan, lambobi sun dace. Me ka tabbatar? Kama da wane ba ta wane ba ce. Injin XK mai silinda shida da ke cikin E-Type ya fara fitowa a 1948 cikin XK120, bai bar aiki ba sai 1992. A tsakani an sa shi a manyan motocin iyali irin su Mark 2 da Mark X, an sa shi a doguwar Daimler ta ɗaukar manya, an sa shi a motar kashe gobara, har da ƙaramar tankar yaƙi ta Scorpion, irin wadda sojojin Najeriya ma suka saya. Lokacin da E-Type ta zama tsohuwar mota mai arha, wanda injinsa ya buga ba Coventry yake rubuta wa wasiƙa ba, wurin 'yan gwangwan yake zuwa ya ɗauko na Mark X ya ɗaura, mota ta tashi, kowa ya kama gabansa. Ba laifi ya yi ba. Laifin yana zuwa ne bayan shekara arba'in, ranar da wani ya lura cewa tsakanin wannan injin da ƙarin kuɗi masu kauri babu komai sai harafi shida ko bakwai.

Inda sana'ar guduma ta fi bunƙasa shi ne wajen Chevrolet Corvette a Amurka. Daga 1960 kamfanin ya riƙa buga wani yanki na lambar mota a wani ɗan fili da ke gaban bulok. A 1967 Corvette ashirin rak aka ƙera da babban injin L88, kuma ɗaya daga cikinsu ta yi dala miliyan 3.85 a gwanjon Barrett-Jackson a watan Janairun 2014. Da irin wannan farashi, ba mamaki masu harkar ke zolayar juna cewa Corvette masu babban inji da ke raye yau sun fi waɗanda kamfani ya ƙera yawa. Don haka alƙalan NCRS, ƙungiyar masu farfaɗo da tsofaffin Corvette, ba su tsayawa a lamba. Suna duban fatar ƙarfen da ke ƙarƙashinta, don injin kamfani ya bar wasu siraran layuka da suka miƙe daga gaba zuwa baya, wanda ya goge ya sake bugawa kuwa yakan bar wurin sumul ko da zane mai lanƙwasa. Suna kuma duban ranar da aka zuba bulok ɗin, wadda ta fito a jikin ƙarfen tun daga maƙera: dole ta riga ranar haɗa motar, kuma ba da fiye da wata shida ba. Injin da aka zuba bayan motar ta bar kamfani ɗa ne da ke iƙirarin ya halarci bikin uwarsa. Abin takaici da dariya shi ne gaskiya ma takan ci duka. Mutum ya kai injinsa na asali a feƙe masa saman bulok don gasket ya zauna, injin fiƙa ya bi ta kan filin nan ya share lambar tas. Mai gaskiya ya tashi ba shaida, mai guduma kuwa tasa lambar ta fi ta kamfani kyau da daidaito, don ma'aikacin kamfani sauri yake yi, shi kuwa yana da yini guda.

Daga nan nake cewa lamba tana iya kama mota da ƙarya, amma ba ta iya wanke ta. In ta saɓa, magana ta ƙare. In ta dace, yanzu aka fara: sai ranar zubi ta yarda, fatar ƙarfe ta yarda, tsufan noti da fenti su yi daidai da na maƙwabtansu, tsofaffin rasit su goyi baya. A Corvette ta 1967 har takardar haɗi da aka manna a saman tankin mai ake nema, wato sai ka sauke tanki don karanta takardar da ɓera ya riga ka karantawa.

Na san masu hankali za su ce duk wannan aikin banza ne, mota dai ta tashi ta yi gudu. Suna ma da hujja mai ƙarfi a giyabos ɗin Moss da E-Type ta yi amfani da shi har zuwa 1964. Giyarsa ta ɗaya ba ta da abin da ke daidaita gudun haƙora, sai mota ta tsaya cak take shiga ba ƙara, tana kuka in ana tafiya, ga ribas kuma dab da ita, ta yadda direba kan tashi daga danja ya je ya gaisa da motar da ke bayansa. Jaguar da kanta ta sauya shi da ta fito da inji mai lita 4.2. Wanda ya cire Moss ya sa giyabos na zamani mai giya biyar, motarsa ta fi daɗin tuƙi, ban musa ba. Amma ai ba daɗin tuƙi ake sayarwa a farashin na asali ba. Wanda ya biya kuɗin tarihi yana da haƙƙin sanin ko tarihin aka ba shi. Ka sa giyabos ɗin da kake so, ka ajiye Moss a lungu da takarda a wuyansa, ka faɗa wa mai saye. Ba wanda ya ce dole ka sha wahalar 1961, cewa aka yi kada ka sayar da jin daɗin yau da sunanta.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: wai asalin ma tatsuniya ce, tunda kamfanoni da kansu suna canza inji. Haka ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 Chevrolet ta riƙa ba da injin canji ga wanda nasa ya lalace cikin garanti, da alamar CE a jiki, motocin tsere kuwa canza musu inji ake yi tsakanin wannan gasa da waccan. A 1990 babbar kotu a Landan ta saurari shari'ar Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci gasar Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta a kan fam miliyan 10, mai saye ya ja da baya, ya ce ba ita ba ce, tunda an sha sake mata sassa, ta kuma yi mummunan haɗari a Brooklands a 1932 aka sake gina ta. Alƙali Otton ya ba mai sayarwa gaskiya. Sai dai a lura da dalilinsa: tarihin motar bai taɓa yankewa ba, an san abin da aka canza da lokacin da aka canza shi. Wannan hukunci ba lasisin guduma ba ne. Motar da kusan babu abin da ba a taɓa a jikinta ba ta ci shari'a saboda labarinta a buɗe yake, kuma injin CE mai rasit ɗinsa ya fi min injin da lambarsa ta dace amma ba wanda ya san inda ya kwana tsawon shekara talatin.

Saboda haka, ɗan'uwa, in dillali ya buɗe maka bonet ya nuna maka lamba tana ƙyalli a tsakiyar inji mai datti, tambaye shi wa ya goge wurin, kuma da me. Ka ɗauki hoton lambar da fatar da ke kewaye da ita, ka nemi ranar zubi, ka nuna wa wanda ya ga irinta da yawa. Sannan ka ce ya rubuta a takardar ciniki cewa inji da giyabos na asali ne, in ba haka ba zai mayar da kuɗi, ya sa hannu. In ya ce bironsa ya ƙare, ka ba shi naka.